Gajere Biyu, Dogo Ɗaya

Wayar ta soma rawa a aljihun rigarsa daidai lokacin da wani mai babur, ɗauke da katifa a bayansa, ya kutso tsakanin bas ɗin da tankar ruwa. Direban, Sannu-Sannu, ya taka birki. Mata talatin da biyu da ke bayansa suka yi gaba suka dawo, wata ta yi salati, wata ta zagi mai babur ɗin har kakansa. Wayar ba ta fasa rawa ba.

Bai taɓa ta ba. Ya ɗaga ido ya dubi Suruka. Haka direbobin kamfanin sabulu suke kiran 'yar kyamarar da aka liƙa musu a saman madubi wata huɗu da suka wuce, don ba ta ce maka komai a gabanka, sai ka koma ofis ka tarar ta riga ta kai ƙara. In ka kara waya a kunne, fitilarta ta koma ja. Ja uku a wata ɗaya, ka ajiye makulli ka kama gabanka. Abin takaicin shi ne, Manajan da ya sa aka liƙa ta ya fi kowa kiran direba a kan hanya, in kuma ba ka ɗauka ba ya ce ka raina shi. Sannu-Sannu yana da ja biyu a wannan watan, kuma duka biyun Manaja ne ya kira.

Wayar ta yi shiru, ta sake tashi. Karo na huɗu ke nan.

"Kai, miƙo min ita nan," in ji Uwar Layi. Ita ce shugabar mata masu naɗe sabulu, kujerar bayan direba tata ce shekara tara, ba wadda ta isa ta zauna a kai. "Wannan kiran ba na gaisuwa ba ne."

Ya zaro wayar ba tare da ya kalle ta ba, ya miƙa ta bayan kafaɗarsa. Uwar Layi ta gyara tabarau.

"Maman yara ce."

"Buɗe muryar, Yaya, in ji."

Muryar matarsa ta fito tana haki, da alama tafiya take yi da sauri.

"Baba ya fita."

"Ya fita ina?"

"Da na sani zan kira ka? Na shiga yi wa ƙaramar wanka, ban yi minti goma ba, na fito na tarar da ƙofa a buɗe. Babu takalminsa, babu hular nan tasa ta aiki. Tun tafiyarka ne fa, na ɗauka zan gan shi a layi, shi ya sa ban ɗaga maka hankali ba. Na duba wajen mai shago, na duba masallaci, na je har bakin titi."

"Wayarsa fa?"

"Tana wuyansa. Na kira sau shida, sau ɗaya ya ɗauka, ya ce shi ba ya magana da baƙi." Muryarta ta karye. "Kuma jiya ba a kawo wuta ba, ban sa masa caji ba. Layin caji ɗaya na gani da safe. Ka kira shi, kai kaɗai yake sani."

Motar gaba ta matsa taku biyu. Sannu-Sannu ya taka kuloci, ya sa giya, ya matsa taku biyun, ya sake taka birki. Yayyafi ya fara sauka a kan gilashi.

Baba shekara talatin da huɗu ya yi yana jan manyan bas a dogayen hanyoyi, ko kaza bai taɓa takawa ba. Shekara uku ke nan da ƙwaƙwalwarsa ta fara zubewa. Ya manta matarsa ta rasu, ya manta sunayen jikokinsa, surukar da ke wanke masa kaya tana ba shi abinci a baki kuwa kullum sai ya tambaye ta daga ina take. Autansa Sannu-Sannu kaɗai ya rage masa da yake ganewa. Shi ya koya wa Auta tuƙi, kuma daga wajensa Auta ya gaji tafiyar hawainiyar da ta sa matan kamfani suka laƙaba masa Sannu-Sannu. A da, in Baba ya dawo daga tafiya, tun daga bakin layi yake danna hon, gajere biyu, dogo ɗaya, yara su zubar da abin da ke hannunsu su ruga. Doka ɗaya yake da ita da ba a taɓawa: ba a magana da mai tuƙi. Ranar da Auta ya juya kai don amsa gaisuwar wani abokinsa yana riƙe da sitiyari, marin da ya sha a ƙeya ya kwana uku yana jin sa.

"Yaya, nemo min Baba a ciki. Hotonsa ne da hula."

Uwar Layi ta danna, ta miƙo hannu ta riƙe wayar kusa da kafaɗarsa, ƙasa da inda Suruka ke gani. Ta yi ƙara sau biyu aka ɗauka.

"Auta?"

"Baba, ni ne. Kana ina?"

"Ina nan."

"Nan ina, Baba? Me kake gani kusa da kai?"

Wata ƙaramar mota ta saka hanci a gabansa daga hagu. Ya taka birki, tankar da ke gefe ta saki hon kamar za ta tsaga kunne. Can cikin wayar aka yi shiru.

"Auta. Tuƙi kake?"

"Baba, cunkoso ne, a tsaye muke..."

"Tuƙi kake kana magana da ni? Haka na koya maka?"

Ƙit, ya kashe.

Matan da ke ta hirar wani biki tun daga tashar farko duk sun bari. Uwar Layi ta sake kira, ba a ɗauka ba.

Sun iso gindin gadar sama, wurin da kowane direba ke tsana. Layi huɗu ne ke matsewa su koma biyu, kuma hawa ne, ga bas ɗin tsoho, da ka saki birki sai ya nemi komawa baya. Ƙafar hagu a kan kuloci har cinyarsa na rawa, ta dama tana tsalle tsakanin birki da totur, hannu ɗaya a kan giya, ɗaya a sitiyari. Abin share gilashi guda ɗaya ne ke aiki, shi ma shafa ruwan yake yi ba sharewa ba. Masu babur suna fitowa ta dama, suna fitowa ta hagu, wani ma ya dafa jikin bas ɗin da hannu yana turawa. Ido ɗaya a madubin gefe, ɗaya a bayan motar gaba. Kullum haka yake hawa gadar nan, amma kullum da kansa guda yake hawa. Yau rabin kan yana can yana bin layuka yana leƙa kwatoci.

Babu wurin tsayawa. Daga nan har a sauka ɗaya gefen, ƙarfe ne a dama, motoci a hagu.

Wayar ta yi ƙara a hannun Uwar Layi. Ta ɗauka da sauri ba ta duba ba.

"Kana ina?" Manaja ne. "Ƙarfe bakwai da rabi ta wuce, na duba na ga motarka ko gada ba ta hau ba. Motar ɗaya layin ta iso tun ɗazu."

"Ranka ya daɗe, cunkoso ne, kuma ina da..."

"Kullum cunkoso. Sauran direbobin ta sama suke bi? Ka san injin naɗi ba ya tashi sai matan nan sun zo. Ka kuma tuna abin da makaniki ya ce, kar ka kuskura ka kashe motar nan a hanya, batirin ya gama yawo. Mutum shida suka tura ta da safe."

Wayar ta yi wani ɗan ƙara a tsakiyar maganar. Uwar Layi ta duba, ta zaro ido.

"Baba ne ke kira! Ya ake yi? Ina zan danna?"

"Koren, Yaya, koren!"

"Wa ke magana a nan?" in ji Manaja. "Wa ka ba wayarka?"

Ta danna wani abu, ta danna wani. Manaja ya ɓace, Baba ma ya ɓace. Ta zauna tana kallon wayar.

"Ka yafe ni, ƙanena. Wallahi wayar nan taka ba irin tawa ba ce."

"Ba komai. Sake kiran sa." Ya ɗaga murya. "Don Allah kowa ya yi shiru. Ku rufe tagogi."

Aka ja tagogi, wanda ba ya rufuwa wata ta toshe shi da jakarta. Aka ɗauka a ƙara na biyar.

"Auta, abin nan na wuyana sai kuka yake yi, ɗit, ɗit. Me yake so?"

Cajin ne. Sannu-Sannu ya runtse ido na daƙiƙa ɗaya, ya buɗe ya tarar motar gaba ta matsa, na baya har ya fara hon.

"Ba komai, Baba, ƙyale shi. Na tsaya yanzu, na faka a gefe. Faɗa min inda kake."

Ana jin numfashin tsohon, da hayaniyar mutane a bayansa, da wani yana tallan wani abu da ba a gane ba.

"Ni za ka yi wa ƙarya?" in ji Baba a hankali. "Ni? Ga inji nan ina ji yana ƙugi. Kuma ka gaya wa masu motar nan bel ɗinta ya saki, tun daga nan nake jin kukansa. Ka kashe mota tukuna, sannan ka neme ni."

"Baba, don girman Allah..."

Uwar Layi ta janyo wayar bakinta. "Baba, ina kwana? Ni fasinjarsa ce. Ni zan riƙe masa, shi ba ya taɓa komai. Ka gaya min kawai..."

"Baiwar Allah, ki bar direba ya yi aikinsa. Rayukanku ne a hannunsa."

Ya kashe.

Wata daga tsakiya ta yi 'yar dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta rufe baki da mayafi. Sannu-Sannu ya matsa gaba kaɗan, ya sake taka birki. Mutumin da bai san sunan unguwarsu ba, bai san shekarar da ake ciki ba, amma ya ji bel ya saki ta cikin waya. Da wani ne ya ba shi labarin nan a wajen shan shayin direbobi, da ya yi dariya har da hawaye.

Matarsa ta sake kira. Ta je ofishin 'yan sanda, sun ce ta kawo hoto, kuma ba a cewa babba ya ɓata sai ya kwana. Maƙwabta biyu sun fita da babur. Ruwa ya fara ƙarfi a can, ta ce, kuma Baba bai sha maganinsa na safe ba. Yana amsa mata yana murza sitiyari don kauce wa wani mai tura kurar kaya da ya maƙale a tsakiyar hawa, madubin dama ya goge ƙarfen gada ya lanƙwashe. Bai ma san ya matsa dama haka ba. Shekara goma sha ɗaya yana jan motar kamfani bai taɓa goge ta ba sai yau.

Suna isa ƙololuwar gadar, hanya ta buɗe. Haka take yi, ba a san dalili ba. Motocin gaba suka miƙe, kwalta ta bayyana baƙa tana sheƙi da ruwa. Ƙarfe takwas saura kwata. In ya taka yanzu, minti goma sha biyu za su kai ƙofar kamfani kafin a rufe ta ƙarfe takwas. Amma daga nan har kamfani babbar hanya ce mai shinge, ba a tsayawa, kuma wayar da ke kuka ɗit, ɗit ba za ta kai minti goma sha biyu ba. Ya san wayar, shi ya saye ta.

Ya rage gudu maimakon ya ƙara. Na baya suka haukace da hon.

"Direba, lafiya?" wata murya daga kujerun baya. "Hanya fa ta buɗe. In aka rufe ƙofa gida za a kore mu, ka sani. Ni gargaɗi biyu gare ni."

"Ke, uban mutum ne ya ɓata," wata ta ce.

"Na ji, Allah Ya bayyana shi. Ni ma 'ya'ya gare ni."

Ba ta yi ƙarya ba, shi ya sa maganar ta yi masa ciwo. Ya dubi Uwar Layi ta madubi, yana so ta ce masa yi ko bari. Ta kawar da kai ta kalli taga. Ita ma tana da nata a gida.

Ya matsa jikin ƙarfen gada iyakar yadda zai iya, wanda bai hana shi tare layi guda cur ba. Ya ja birkin hannu. Ya murɗa makulli. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu, sai ƙarar ruwa a kan rufi.

Ya karɓi wayar da hannunsa, ya kara a kunne. Suruka tana da nata batirin. Fitilarta ta koma ja, ta tsaya a ja.

"Auta?"

"Na kashe, Baba. Saurara ka ji."

Tsohon ya saurara, ya ɗauki lokacinsa.

"Yauwa. Ka ja birkin hannu?"

"Na ja. Baba, ina..."

"Ka bar ta a giya?"

"Tana giya."

"Gangara ce ko hawa?"

"Baba, wayarka za ta mutu!"

"Ina tambayar ka kana tambaya ta? Gangara ce ko hawa?"

"Daidai take. A daidai take, Baba."

"Ka kunna fitilun gargaɗi?"

Ya danna maɓallin. "Na kunna."

"Madalla. Haka ake yi." Muryar ta yi laushi, irin ta da, ta lokacin da yake dawowa da tsaraba. "To, yanzu faɗi abin da ke tafe da kai."

"Me kake gani a gabanka? Duk abin da ka gani, faɗa min. Allo, shago, komai."

"Mutane ne, kowa da lema. Na zo karɓar mota, an ce fitar safe gare ni, amma na rasa ƙofar tashar. Sun canza wurin." Ya yi tsaki. "Hanyar ma duk ta lalace. Ga wani sakaran direba can ya kashe farar bas a saman gada, ya tare bayin Allah. Wa ya ba irin waɗannan lasisi? Da yarona ne..."

Sannu-Sannu ya miƙe tsaye har kansa ya bugi rufi.

"Baba, ni ne! Ni ne a gadar! Kar ka motsa, ta wane gefe kake? Baba? Baba!"

Ya duba wayar. Kiran ya yanke. Ya sake kira, wata mace mai sanyin murya ta gaya masa lambar a kashe take. Ya sake, ta maimaita masa.

Ya buɗe ƙofa ya dira cikin ruwan, ya kama ƙarfen gada ya leƙa. Hanyoyi huɗu ne suka haɗu a ƙasa, da kasuwa a gefe ɗaya, da layin shaguna a ɗayan, da wani fili da aka kewaye da kwano inda tsohuwar tasha take kafin a rushe ta. Ko'ina lema ce, baƙa, ja, mai zane, ɗaruruwa, suna tafiya suna cakuɗewa. Waɗanda ba su da lema sun cusa kansu ƙarƙashin rumfuna, ƙafafunsu kawai ake gani. Duk wanda ke wurin nan yana iya ganin farar bas a saman gada. In ya sauka da ƙafa, sai ya yi tafiyar minti goma kafin ya kai ƙasa, kuma bai san wanne daga cikin ɓangarori huɗun zai nufa ba. Baba kuwa ba ya minti biyar a wuri ɗaya.

Ya ƙwala kira. Muryarsa ko layin motocin da ke bayansa ba ta tsallake ba. Wani mai ƙaramar mota ya sauke gilashi ya zage shi, ya wuce.

Da ya waiwaya, matan suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, cikin shuɗin rigunansu na aiki, suna ɗora jaka a ka saboda ruwa. Uwar Layi ce a gaba.

"Me ya sa a jikinsa?"

"Farar riga. Da hular direba, ruwan toka, mai baki a gaba."

"Ku rabu biyu," ta ce musu. "Rabi nan, rabi ku tsallaka can gefen. Ku kula da motoci."

Suka jeru a jikin ƙarfen. Mai gargaɗi biyun ita ce ta fara tsallakawa ɗaya gefen, tana ɗaga wa motoci hannu, fuskarta a murtuke. Wayar ta fara rawa a hannunsa, sunan Manaja ya fito. Ya jefa ta kan kujera.

Ya hau ya zauna a mazauninsa, ruwa na ɗiga daga haɓarsa. Ya murɗa makulli rabi, ya ɗora tafin hannu a tsakiyar sitiyari. Gajere biyu, dogo ɗaya. Hon ɗin ya fita, ya shige cikin hon ɗari da ke tashi a bayansa. Ya jira. Ya sake. Gajere biyu, dogo ɗaya. A karo na huɗu ya ji sautin ya fara dishewa, fitilun gargaɗin ma sun rage ƙiftawa. Ya kashe su don ya tanadi abin da ya rage.

Uwar Layi tana tsaye daf da ƙofa, ta cire tabarau tana goge shi da gefen mayafi, ta mayar, ta ƙura ido wajen shingen kwanon nan.

"Sake," ta ce, ba ta juyo ba.

"Kin gan shi?"

"Ban sani ba. Akwai wani da ya tsaya. Sake dai."

Ya danna. Gajerun biyu suka fita. Dogon ya kai rabi ya shaƙe, ya koma wani ɗan gurnani da ko matan da ke bakin ƙofa da ƙyar suka ji. Sannu-Sannu bai ɗaga hannunsa daga kan sitiyarin ba.